KUƊINKA A BAITULMALIN GWAMNATI: YADDA AKE NEMA DA YADDA AKE KARƁA

Gabatarwa

Jama'a, abin da kowa ya saba ji shi ne Gwamnati tana bin mutum haraji, ko kuɗin lasin, ko kuɗin fili. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sau da dama mutum ne ke bin Gwamnati, amma shi kansa bai sani ba. A baitulmalin Jiha da na Ƙaramar Hukuma akan sami kuɗi da aka rubuta da sunayen mutane, masu su ba su zo sun karɓa ba. Wani ya tashi daga gari, wani ya rasu bai gaya wa iyalinsa ba, wani takardarsa ta ɓace, wani kuwa ya gaji da sintiri ya bar wa Allah.

Irin wannan kuɗi amana ne a hannun hukuma. Amma fa ba ya tashi ya nemi mai shi. Kuɗin Gwamnati fayil yake bi. Wanda ya san ofishin da fayil ɗinsa yake, ya kuma riƙe takardun da za su nuna shi ne mai haƙƙi, ya ci rabin tafiya. Wannan darasi zai bayyana yadda kuɗin ke kwanciya, da ire-irensa, da matakan da mutum zai bi ya karɓi nasa ba tare da ɗan tsakani ba. Mun ɗauki Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, ta zama misali, amma dokokin da za a ambata na ƙasa ne baki ɗaya, sun shafi mai karatu ko a wace Jiha yake.

Yadda kuɗi ke kwanciya a baitulmali

Ma'aji ba ya fitar da ko kwabo sai da bauca, watau takardar izinin biya, wadda ke ɗauke da sunan wanda za a biya, da adadin kuɗin, da dalilin biyan. Bauca tana ratsa hannun akanta da mai binciken kuɗi na cikin gida kafin a sa mata hannu. A zamanin da ake biya hannu da hannu, idan aka kira suna a teburin kashiya mai shi bai amsa ba, sai a mayar da kuɗin baitulmali, a rubuta shi cikin littafin ajiya da sunan mai shi. Da aka koma biya da caki, duk cakin da ya wuce wata 6 ba a kai shi banki ba ya zama mushe, sai an sake rubuta wani. Yanzu kuwa da ake biya ta banki kai tsaye, kuskuren lamba guda a asusu, ko bambancin suna tsakanin fayil da banki, ya isa ya sa kuɗi ya komo inda ya fito.

Har wa yau akwai batun shekarar kuɗi. Tun daga 1981 shekarar kuɗin Gwamnati tana farawa ran 1 ga Janairu ta ƙare ran 31 ga Disamba. Kuɗin da aka keɓe cikin kasafin bana, idan shekara ta rufe ba a biya shi ba, ba a kuma mayar da shi ajiya ba, sai ya shiga jerin basussukan da za a sake nema wa gurbi a kasafi mai zuwa. Haƙƙin mutum yana nan, amma layin ya ƙara tsawo. Kuɗin kuma ba ya ƙaruwa a inda yake kwance, darajarsa ce ma take raguwa. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Saboda haka jinkiri hasara ne, ko da an biya daga baya.

Abin da tarihin Lafiya ke koya mana

Dattijon da aka haifa a Lafiya kafin samun 'yancin kai ya zauna ƙarƙashin gwamnatoci huɗu ba tare da ya bar gidan ubansa ba. Da fari Lafiya tana cikin Lardin Binuwai, mai hedkwata a Makurɗi, a ƙarƙashin Gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna, ana gudanar da mulkin gida ta hannun En'e. Ran 27 ga Mayu 1967 Gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa jihohi 12, Lafiya ta faɗa cikin Jihar Binuwai da Filato, mai hedkwata a Jos. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya raba Jihar biyu, Lafiya ta zauna a Filato. A cikin shekarar ne kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e. Sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka fitar da Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama hedkwata, da ƙananan hukumomi 13: Akwanga, Awe, Doma, Karu, Keana, Keffi, Kokona, Lafiya, Nasarawa, Nasarawa Eggon, Obi, Toto da Wamba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan canje-canje ya jawo rabon ma'aikata, da kadarori, da basussuka, da fayiloli. Ma'aikatan da suka baro Jos suka taho Lafiya a 1996, farkon tarihin aikinsu a can aka rubuta shi. A ce misali malamin firamare ya kama aiki a 1974, ya yi ritaya a 2009 bayan shekara 35. Takardar ɗaukarsa aiki ta zamanin Binuwai da Filato ce, ƙarin girmansa na tsakiya na zamanin Filato ne, takardar ritayarsa kuwa ta Nasarawa ce. Idan ɗaya ta ɓace daga fayil, lissafin haƙƙinsa zai tsaya cik, ba don wani ya ƙi shi ba. Haka abin yake ga mutanen Katsina da suka fita daga Kaduna a 1987, da na Jigawa, Kebbi da Yobe a 1991, da na Zamfara da Gombe a 1996. Darasin shi ne, kafin ka tambayi inda kuɗinka yake, fara tambayar wace hukuma ce ta gaji wadda ka yi hulɗa da ita.

Ire-iren kuɗin da ake bari a hannun hukuma

Na farko, fansho da garatuti. Sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce haƙƙin ma'aikacin Jiha na fansho ko garatuti ba za a riƙe shi ba, ba kuma za a sāke shi ta yadda zai cuci mai shi ba, sai ta hanyar da doka ta yarda. Sashen ya kuma ce a riƙa sake duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake tsarin albashi. A tsohon tsari, wanda Gwamnati ke biya daga baitulmali, tun daga watan Yuni 1992 wanda ya yi shekara 5 yana aiki ya cancanci garatuti, wanda ya yi shekara 10 ya cancanci fansho. Mutane da yawa da suka bar aiki bisa ƙa'ida bayan 'yan shekaru suna zaton ba su da kome, alhali kuwa suna da shi. Haka kuma a wannan tsari, idan ɗan fansho ya rasu kafin ya cika shekara 5 da yin ritaya, iyalinsa suna da haƙƙin fanshonsa har cikar shekara biyar ɗin. A Lafiya, Hukumar Fansho ta Jihar Nasarawa ita ce ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Amma fayil yana farawa ne daga wurin aiki: ma'aikacin Jiha daga ma'aikatarsa da ofishin Shugaban Ma'aikata, na Ƙaramar Hukuma daga sakatariyarsa da Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, malamin firamare kuwa daga ofishin ilmi na Ƙaramar Hukumarsa da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha.

Akwai wani kaso da tsofaffin ma'aikata kan manta. Waɗanda suka kama aikin Jiha kafin ƙarshen Maris 1976 suna iya kasancewa da rabon da Gwamnatin Tarayya ke biya cikin fanshonsu. Wannan rabo yana hannun hukumar PTAD da ke Abuja, wadda aka kafa a 2013 don kula da 'yan tsohon tsari. Malamin da muka ba da misalinsa a sama yana da dalilin da zai tambaya. Wanda kuwa aka taɓa cire masa kuɗi a sabon tsarin karo-karo, wanda ya zo da Dokar Gyaran Fansho ta 2004 aka kuma sabunta ta a 2014, to, kuɗinsa yana asusunsa na kamfanin kula da fansho, ƙarƙashin sa idon Hukumar Fansho ta Ƙasa. Sai ya nemi lambar asusun ya bincika.

Na biyu, diyyar fili da gona. Garin da ya zama hedkwatar Jiha tilas ya buɗa, kuma ayyuka irin su Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, da filin jirgin sama na Kwandare, da tagwayen hanya daga Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi, duka ƙasa suke ci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a a sashe na 28, sa'an nan a sashe na 29 ta wajabta biyan diyya a kan abin da mutum ya raya a wurin. Gini ana ƙiyasta abin da za a kashe a sake irinsa, a cire tsufan da ya yi, dokar kuma ta tanadi ƙarin ruwa bisa farashin banki idan an jinkirta biya. Amfanin gona da itatuwa kuwa jami'in da aka ɗora wa aikin ne ke ƙiyasta su. Idan filin na al'umma ne, Gwamna yana iya ba da umarni a biya al'ummar, ko shugabanta domin ya yi amfani da shi ga jama'ar bisa al'ada, ko a zuba cikin wani asusu domin amfaninsu. Ƙaramar Hukuma ma idan ta karɓi gona a ƙarƙashin sashe na 6, wajibi ne ta biya. Sashe na 44 na Tsarin Mulki ya ƙara da cewa a biya diyya ba da ɓata lokaci ba. Wanda aka ƙirga masa gona ko gida yana wata nahiya, ko aka rubuta sunan mahaifinsa da ya rasu, sai ya nufi ma'aikatar da ke kula da filaye da safiyo, da hukumar NAGIS mai ajiye bayanan filaye a Jihar, ya nemi ganin jerin sunayen da aka ƙiyasta.

Na uku, harajin da aka biya fiye da kima. Harajin da ake cirewa daga albashi, na ma'aikacin Gwamnati da na kamfani, Jihar da mutum ke zaune ce ke karɓa, in ban da wasu 'yan rukunoni kamar sojoji da 'yan sanda. Akan yi kuskure a cire sau biyu, ko a ƙi lissafa rangwamen da doka ta ba mutum. Ɗan kwangila ma ana riƙe masa wani kaso daga kuɗin aikinsa a matsayin kafin alƙalami na haraji, wanda ya kamata a rage masa daga harajin ƙarshen shekara. Mai irin wannan ƙorafi Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jiha zai rubuta wa. Dokar haraji ta sa wa'adin shekara 6 ga mai neman a mayar masa da rara, saboda haka wannan ba abin a bari sai gobe ba ne.

Na huɗu, kuɗin da aka ajiye jingina. Wanda kotu ta umarta ya ajiye kuɗi a wurin magatakarda, ko don beli ko kafin a gama shari'a, yana da damar neman a mayar masa idan shari'a ta ƙare, ya kuma cika sharuɗɗan da aka gindaya. Idan aka yi gwanjon kayan mutum domin biyan bashi, rarar da ta saura tasa ce. Ɗan kwangilar da ya gina aji ko ya haƙa rijiya, akan riƙe masa wani abu, sau da yawa kashi 5 cikin 100, har a ga aikin ya jure wa'adin da aka rubuta cikin yarjejeniya. Da yawa sukan karɓi babban kaso su manta da ƙaramin.

Na biyar, albashi da alawus da ba a karɓa ba. Wannan yakan faru ga wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ko aka tsallake sunansa a wajen tantancewa yana kwance asibiti, ko aka ƙara masa girma ba a biya shi bambancin watannin baya ba.

Matakan nema

Mataki na ɗaya shi ne bincike a gida. Buɗe akwati, da jakar tsoho, da ƙarƙashin katifa. Abin da ake nema: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, ta amincewa da ritaya, takardar albashi ta ƙarshe, rasit na baitulmali ko na kotu, yarjejeniyar kwangila da takardar shaidar gama aiki, takardar mallakar fili, ko ɗan katin da masu ƙiyasi suka bayar ranar ƙirgen gona. Kowace takardar Gwamnati tana da lamba a samanta. Wannan lamba ita ce akawu zai bi ya fito da fayil, ta fi dogon bayani amfani.

Mataki na biyu shi ne daidaita suna. Wanda aka rubuta Mamman a makaranta, Muhammadu a wurin aiki, Mohammed a banki, a idon kwamfuta mutum uku ne. Duba katinka na lambar NIN, da lambar BVN ta banki, da fayil ɗin aiki, ka ga suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. In akwai saɓani, je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka kai a gyara tun kafin ka shigar da buƙata. Tabbata kuma asusunka na banki yana aiki.

Mataki na uku shi ne rubuta takarda. Maganar baka iska ce ke kwashe ta, abin da aka rubuta shi ke shiga fayil. Takardar ta zama gajeruwa. Ga yadda za a iya tsara ta:

Ranka ya daɗe,
Ni ne (cikakken suna), na yi aiki a (ma'aikata ko Ƙaramar Hukuma) daga (shekara) zuwa (shekara), lambar fayil ɗina (lamba). Ina roƙon a duba a sanar da ni a rubuce ko akwai wani haƙƙi nawa da ba a biya ba, da adadinsa, da abin da ake buƙata daga gare ni domin a biya. Na haɗa kwafin takarduna guda (adadi).
Naka mai biyayya,
(sa hannu, kwanan wata, adireshi)

Mataki na huɗu shi ne shigar da ita ta ƙofar da ta dace, watau ofishin rajista na ma'aikatar. Yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayan ka koma da shi gida. Kada ka bar ainihin takardunka a ofis. A nuna su don a gani, kwafi ne ake bari.

Mataki na biyar shi ne bibiya. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta ranar da ka je, da teburin da fayil ya kai. Ka kasa kunne ga sanarwar rediyo a kan tantance 'yan fansho ko biyan diyya, gama wanda bai halarta ba akan ajiye sunansa gefe guda. Marar lafiya ko tsoho da ba ya iya fita, iyalinsa su sanar da hukuma a rubuce tare da takardar likita. Ƙungiyar 'yan fansho ta Jiha ma takan san inda layi ya kai.

Idan mai kuɗi ya riga mu gidan gaskiya

Haƙƙin mamaci ba ya mutuwa tare da shi, ya zama na magada. Abu na farko shi ne takardar shaidar rasuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, tare da ta asibiti in a can aka rasu. Na biyu shi ne takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake samu daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha, a Lafiya ga mutanen Nasarawa. Yawancin ofisoshi da bankuna ba sa sakin kuɗi sai sun gan ta. A Ma'aikatar Shari'a kuma akwai jami'in da doka ta ɗora wa kula da dukiyar da ba ta da mai tsaya mata, ko wadda rigimar magada ta sa ta cikin haɗari.

A nan akwai kuskuren da ya raba zumunci a gidaje da yawa. Wanda ma'aikaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa, wakili ne da hukuma za ta tuntuɓa, wannan bai mayar da kuɗin nasa shi kaɗai ba. Ga Musulmi, bayan hidimar jana'iza sai a biya basussuka, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba saura tsakanin magada bisa Shari'a a gaban alƙali ko malamin da aka amince da shi. Ga waɗanda ba Musulmi ba, ana bin wasiyya, ko doka, ko al'adar da ta shafe su. Matan mamaci da marayu su ne suka fi cutuwa idan aka yi shiru, don haka ya kamata matar ma'aikaci ta san lambar fayil ɗin mijinta, miji ma ya san ta matarsa, tun ana tare.

Idan ofis ya yi shiru

Bayan lokaci mai ma'ana ba amsa, sake rubutawa ga Babban Sakatare ko Shugaban Ƙaramar Hukuma, ka ambaci kwanan watan takardarka ta fari. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Idan abin ya faskara, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a hedkwatar kowace Jiha. Aikinta kyauta ne, tana da ikon neman fayil daga ma'aikatar Tarayya, ta Jiha, ko ta Ƙaramar Hukuma. Sai dai dokarta ta ce a kawo kuka cikin wata 12 da faruwar abin, bayan an bi hanyoyin cikin gida. Rigima a kan adadin diyyar fili kuwa, sashe na 30 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce a kai ta gaban Kwamitin Rabon Filaye na Jiha. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda take aiki tun 1976. Ƙarar da ta shafi albashi da fansho Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke jin ta. A tuna dokoki suna sa wa'adi ga shigar da ƙara, don haka a nemi shawara da wuri.

Kuɗin da ba a hannun Jiha yake ba

Domin kada mai karatu ya je Lafiya neman abin da ke Abuja, ga bambanci. Dokar Kuɗi ta 2020 ta kafa asusun amana wanda ake zuba ribar hannun jarin da ta shekara 6 ba a karɓa ba, mai ita kuma yana iya nema ko yaushe ta hannun magatakardan kamfanin. A watan Yuli 2024 Babban Bankin Nijeriya ya fito da ƙa'idojin da suka ce kuɗin asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba a mayar da shi ajiyar Babban Banki, mai shi kuwa ta bankinsa zai nema. Kashi biyu da rabi cikin 100 da aka riƙa cirewa daga albashi domin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana hannun Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, kuma wanda ya yi ritaya ba bashin gida a kansa yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya tara.

A wasu ƙasashe an sauƙaƙa aikin. A Amurka kowace jiha tana da ofishin dukiyar da ba a karɓa ba, mutum yana rubuta sunansa a intanet ya ga ko yana da wani abu. Kenya ta yi dokarta a 2011 ta kafa hukuma guda domin wannan aiki. A nan gida kuwa kuɗin da ke hannun Jiha da Ƙaramar Hukuma yana warwatse ne ofis-ofis, kowanne da littafinsa. Abin da ya sa muka nanata batun sanin ƙofa ke nan. Ya kuma dace ma'aji da akanta su riƙa liƙa sunayen masu ajiya a allon sanarwa, su aika wa hakimai da dagatai, a kuma karanta a rediyo da harsunan da jama'a ke ji.

Gargaɗi

Inda duk aka ji ƙanshin kuɗi, 'yan damfara ba sa nisa. Ba wani ofishin Gwamnati da zai buga maka waya ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin garatutinka ya fito. Ba wanda ke da haƙƙin tambayarka lambar sirrin katinka na banki, ko lambar da banki ya aiko maka ta saƙon waya. Duk kuɗin da doka ta ce a biya, kamar na kotu wajen takardar gado, ana ba da rasit na hukuma a kansa. Jami'in da ya nemi a raba da shi kafin ya tura fayil ya aikata laifi, ana kai ƙararsa ga hukumar ICPC ko EFCC. Haka nan wanda ya ƙirƙiri takarda, ko ya ci gaba da karɓar fanshon mamaci ya ɓoye rasuwarsa, shi ma doka za ta hau kansa, ya kuma tsawaita layin masu gaskiya.

Kammalawa

Neman haƙƙi ba roƙo ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Ma'aikacin da ke teburi an ɗauke shi ne domin wannan aiki, mai nema kuma ya zo masa da ladabi da cikakkun takardu. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha. Kowane magidanci ya keɓe rana ɗaya cikin wannan wata ya tattara takardunsa da na iyayensa wuri guda, ya yi kwafinsu, ya nuna wa iyalinsa inda suke. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne hanyoyi uku ne kuɗin mutum ke bi ya koma baitulmali?
2. Me ya sa fayil ɗin tsohon ma'aikacin Lafiya zai iya samun tushe a Jos?
3. A kan me ake biyan diyya idan Gwamnati ta karɓi fili?
4. Mene ne bambanci tsakanin makusancin da aka rubuta a fom da magaji?
5. Ina za ka kai kuka idan ofis ya ƙi amsa takardarka, kuma cikin wata nawa?